Ofishin Hodi

Hedimasta bai gama rufe baki daga ambaton sunan mamacin ba, abin ya tashi daga layin 'yan aji shida. Ba gajeriya ba ce balle a ce cikin wani ne ya kufce masa. Doguwa ce, mai kauri, ta faro daga ƙasa kamar ana jan tsohon benci a kan siminti, ta lanƙwasa, ta ƙare da wani ɗan siririn kuka. Tusa dai, babu wani suna da za a saya mata. Kuma a daidai lokacin duk makaranta an ɗaga hannuwa za a yi wa Hodi, ɗan ajin nasu da ya rasu, addu'a.

Malama Nazifa, wadda ajin nata ne, ta runtse ido don takaici. A filin asambuli, a gaban malamai, a gaban uban yaron! Malam Kalilu yana tsaye kusa da Hedimasta cikin farar riga da ta sha zaman makoki. Jiya-jiya ya dawo daga Argungu, inda aka kai ɗan nasa aka rufe. Direba ne a wata ma'aikata, ya roƙi izini ya zo ya yi wa makaranta godiya, ya karɓi jakar yaron da take aji tun ranar da sanƙarau ya kama shi. Bai ɗaga kai ba. Hannuwansa kawai suka sauka a hankali.

'Yan aji ɗaya suka ƙyalƙyale da dariya, su da ba su san komai ba. Abin da ya fi ƙona wa Malama Nazifa rai shi ne 'yan ajinta ko murmushi babu wanda ya yi. Sun tsaya ƙiƙam, idanu a gaba, kamar an yi abin kirki. Tir da wannan tarbiyya!

Aka yi addu'ar a gurguje aka shafa. Yara na watsewa Hedimasta, Malam Ja'afar, ya yafito ta, jijiyar wuyansa a miƙe.

"Malama Nazifa, kin ji abin da ɗiyanki sunka yi?"

"Na ji, ranka shi daɗe."

"Kafin a kaɗa ƙararrawar fita tara ki kawo mini shi. Na roƙi Malam Kalilu shi jira ofis, gabanshi za a yi. In ya sha bulala shi ɗauki jakarshi shi tahi, na kore shi. Jarrabawar shiga sakandare kuwa sai dai shi ji labarinta wurin wasu."

Jarrabawar ta ƙarato, duk wanda aka kora yanzu shi da boko sai wani ikon Allah. Ta san haka sarai. Amma wallahi a yadda take ji da an miƙo mata bulalar da da hannunta za ta yi.

Ita fa dama ba son makarantar nan take yi ba. Daga Sakkwato ta zo, lokacin da aka yanke jiha aka turo mijinta Birnin Kebbi da sauran ma'aikata, suka raɓa a ɗaki biyu a unguwar Gesse. Makarantar da aka gina don 'ya'yan manoman Gwadangaji ta wayi gari cike da 'ya'yan ma'aikata, ana cusa su a benci kamar albasa a buhu. Ga zafin bazara, ga warin gumi, ga majina a hannun riga. Hankici biyu take yawo da su, ɗaya na fuska, ɗaya na riƙe littafin yara. Duk wannan ta jure. Abin da ta kasa jurewa shi ne ƙarar nan. Tun farkon shekara, da ta juya wa aji baya za ta yi rubutu a allo sai wani abu ya tashi: yau kukan ƙofa, gobe babur, jibi kwaɗo. In ta waiwayo ta ga fuskoki salun-alun. Hodi kaɗai ta taɓa kamawa hannu a cikin riga, kuma ta dake shi ba sau ɗaya ba. Da aka ce ya rasu ta yi kuka sosai. Shi ya sa abin na yau ya tsaya mata a wuya. Abokinku ya mutu, ku yi masa tusa?

Ta shiga aji ta tsaya, ba ta ma ajiye jaka ba.

"Wa ya yi?"

Shiru. Sai ƙuda.

"Ba ku da kunya, ba ku da tsoron Allah. Ubanshi na tsaye, ƙasar kabarin ɗanshi ba ta bushe ba. Na ce wa ya yi?"

Babu wanda ya motsa. Ta dubi benci na ƙarshe, inda jakar Hodi take rataye har yanzu, ta kawar da kai.

"Zakiyya, biyo ni."

Zakiyya ce monita, 'yar gidan malamai, kullum kallabinta a goge, farcenta a yanke. Ita kaɗai ce Malama take karɓar littafi daga hannunta ba tare da hankici ba. Suka tsaya ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a bayan aji.

"Ke ba ki ƙarya, na sani. Gaya mini."

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza bakin kallabi. "Malama, ba laifinshi ba ne. Hedimasta ne ya kira suna."

"Wane suna?"

"Sunan kwamishina. In anka kira sunan kwamishina wurin asambuli, dole a buɗe ofis."

"Ke, yi mini Hausa! Wane kwamishina? Wane ofis?"

Da ƙyar, da tsawa da lallashi, zancen ya fito. Ashe gwamnati ce da su. Tun da aka yi jiha suke jin iyayensu ba su da hira sai wane an ba shi kwamishina, wane an yi masa tiransifa, albashi ya fito, albashi bai fito ba. Su ma sai suka kafa tasu a bayan aji. Kowace ƙazamar ƙara ofis ce, kowane ofis da kwamishinansa, kuma ba mai yin ta wani sai da izininsa, in ya yi a daina yi masa magana. In ka yi taka, ka buɗe ofis ke nan. Bulalar da za ka sha a kai ita ce albashi, har tambayar juna suke yi, yau nawa aka biya ka? Akwai mai Ƙofar Sakatariya, da haƙora yake yi. Akwai mai Kabu-kabu Ba Mai, wato kukan babur ɗin haya, da leɓe. Amma babban ofis duka na Hodi ne, Kwaɗon Argungu. Shi kuwa Hodi ba a yin mako ba a kira sunansa a asambuli ya fito ya sha bulala ba, kuma bai taɓa fitowa ba sai ya buɗe ofis tukuna, ƙasa-ƙasa, yadda 'yan layinsu kaɗai za su ji. Daga nan abin ya zama doka.

"Da mi ake yin shi, kwaɗon?" Tambayar na fita ta yi da-na-sani.

Zakiyya ta buɗe tafin hannu ta kwatanta. A lashe shi sosai sai ya jiƙe da miyau, a cusa cikin riga, a ɗora a hammata, sannan a matse da damtse. In da gumi ya fi tashi, shi ya sa da bazara ya fi daɗi.

Malama Nazifa ta toshe baki da hankici. Wayyo Allah! Hannuwan da suke miƙo mata alli ke nan. Hannuwan da suke tsomawa a randar aji.

"Ke fa? Kar dai ki ce mini ke ma kina da ofis."

"Ƙarami ne, Malama. Na hanci." Yarinyar ta fara tattara hanci.

"Kar ki kuskura! Ƙazama. Ashe ke ma haka kike." Ta ja da baya. "To Hodi ya rasu. Wa ya ba wani izinin yin tashi?"

"Shi ya bayar. Ranar da wuyanshi ya sanƙare, ya kifa kai bisa benci, kina waje kina neman kabu-kabu. Sai ya ce ma Zayyanu, riƙe mini ofis kafin in dawo."

Ta tuna ranar. Ita ta rungumo yaron zuwa bakin titi, jikinsa kamar garwashi, guminsa ya jiƙa mata zane, zanen da har yau ba ta sake ɗaurawa ba. Amma sunan da ta ji ne ya fi girgiza ta. Zayyanu? Siririn yaron nan marar magana, wanda lissafi ke gudu a kansa? Ubansa manomin shinkafa ne a fadamar Gwadangaji, ya taɓa zuwa makaranta da taɓo a ƙafa don kawai ya tambaye ta ko da gaske ne ɗansa zai iya shiga sakandare, don a gidansu kaf ba wanda ya taɓa kaiwa nan.

Ta aika aka kira shi. Ya zo ya tsaya, hannuwa a baya.

"Kai ka yi?"

"Ni ne, Malama."

"Ko kunya ba ka ji ba? Kai da nake nuna ma mutane?"

"Riƙon ƙwarya nike yi, Malama."

"Riƙon ƙwaryar ubanwa? Ba ka san ya rasu ba?"

"Na sani." Ya share hanci da bayan hannu. "Amma bai karɓa ba, kuma bai ce in aje ba. Da ban yi ba, da an kira sunanshi an ji shiru."

"Shi ne ka ɗaga ta har bakin titi?"

"Ban yi niyya ba. Hannuna ne ya jiƙe da yawa. Kuka nike yi."

Ta dube shi, ta dubi damshin da ke hammatar rigarsa. "Ƙazamai. Wallahi ku ƙazamai ne, daga kai har kwamishinoninku. Wuce mu tafi."

Ya shige gaba, ta bi shi daga nesa don kar rigarsa ta goge ta. A hanya take ce wa kanta ba ruwanta. Ita ce ta sa shi? Ta kai shi, ta dawo, ta wanke hannu da sabulu.

Ofishin Hedimasta ɗan ƙaramin ɗaki ne mai warin tsohuwar takarda da goro. Malam Ja'afar yana da wani gwangwanin madara ƙarƙashin tebur da yake tofa tuƙar goro a ciki, kullum ta shigo sai ta yi ƙoƙarin kada idonta ya faɗa kansa, kullum kuma sai ya faɗa. Dorina na kwance a kan tebur. Malam Kalilu yana zaune a kujerar baƙi, an riga an kawo masa jakar ɗansa, ya ɗora ta a cinya ya riƙe da hannu biyu.

"Wanga ne?" Hedimasta ya miƙe. "Zayyanu? Lallai. To, Malam Kalilu, ga shi. Ka gani da idonka, makarantarmu ba ta ɗaukar iskanci. Yau ya gama karatu nan. Kai, kwanta!"

Malam Kalilu bai dubi yaron ba. A hankali ya ce, "Ni dai da kun bar ni na tahi. Abin da anka yi an yi."

Zayyanu ya durƙusa zai kwanta. Bai roƙa ba, bai yi bayani ba, kuma Malama Nazifa ta gane ba zai yi ba. Aikinta ya ƙare, ƙofa na bayanta a buɗe. In ta fita, shi ke nan, mutumin nan zai tafi gida da cewa abokan ɗansa dariya suka yi masa, yaron nan kuma gobe yana fadama yana korar tsuntsaye. In kuma ta tsaya, sai ta buɗe bakinta, ita Nazifa, matar aure, a gaban maza biyu, ta faɗi kalmomin da ko a gaban mijinta ba ta taɓa faɗa ba. Haushin yaran ya sake turnuƙe ta. Dubi inda suka jawo ta!

"Ranka shi daɗe, a dakata."

Hedimasta ya tsaya da dorina a sama.

Ta kafa ido a bango ta fara. Ta faɗi gwamnatin, ta faɗi ofis, ta faɗi albashi. Ta faɗi miyau. Ta faɗi hammata. Da ta zo kan tusa da ƙyar kalmar ta fita, kunnuwanta suka yi zafi. Hedimasta ya saki baki, jan goro a haƙoransa. Ta ƙarasa da abin da Hodi ya ce yana kife a kan benci.

"Ba ina cewa abin kirki ne ba," ta ce. "Ƙazanta ce, kuma rashin ladabi ne. Amma ba wulaƙanci ya yi nufi ba. Ajiya anka ba shi."

"Ajiya?" Hedimasta ya tofa a gwangwani. "Malama, da girmanki kike kawo mini wanga shirme? Tusa ce ajiya?"

Sai a lokacin Malam Kalilu ya ɗago. Ya dubi Zayyanu ya daɗe.

"Yaro, tashi. Sake yi in ji."

"Malam Kalilu, haba..."

"Don Allah, Hedimasta. Shi sake."

Zayyanu ya dubi Malama. Ta rufe ido ta gyaɗa kai. Ta ji ƙarar lasar tafin hannu, lap, lap, tsikar jikinta ta tashi. Sannan abin ya cika ɗakin, ya fi na ɗazu muni don yanzu ga bango. Wani malami da ke wucewa ya leƙo ta taga ya yi sauri ya janye kai.

Malam Kalilu ya girgiza kai.

"Ba haka shike yi ba. Ƙarshen ka yanke da wuri. Shi sai ya ɗaga kafaɗa, ya ja ta, ya ja ta, kamar tambaya." Ya ɗaga tasa kafaɗar ya kwatanta, babban mutum mai furfura a gemu. "Kullum da safe, in uwarshi ta ce shi tashi shi ɗebo ruwa, da wagga ƙazantar shike amsa mata. Na dake shi a kanta har na gaji. Na ce mashi mai yin haka ba ya zama mutum." Ya shafa jakar da ke cinyarsa. "Ɗazu da na ji ta wurin asambuli, wallahi sai da na kusa waiwayawa in ce, kai Hodi, bari. Shi ya sa na kasa ɗaga kai. Gidanmu yanzu in ka shiga, ko cokali ya faɗi sai ka ji."

Malam Kalilu ya sunkuyo. Ya miƙa hannu ya kamo hannun Zayyanu, wannan hannun dai, jiƙaƙƙe, ya riƙe shi cikin nasa biyu kamar mai gaisawa da babban baƙo. Malama Nazifa ta kawar da kai, hawaye na zubo mata, ƙyama kuma na cin ta, duka a lokaci ɗaya.

"Hedimasta," Malam Kalilu ya ce, "in ka kori yaron ga sabili da ɗana, ka ƙara mini wani makoki. Ka yi mini alfarma."

Malam Ja'afar ya yi ta juya dorina a hannu. Ya yi gyaran murya, ya ce don darajar mai roƙo ya janye kora, amma fa ba a taɓa yi masa haka a asambuli a tafi salin-alin ba. Kafin ya ƙarasa Zayyanu ya riga ya miƙa tafin hannu, har da ɗan sauri, kamar mai tsoron a fasa. Aka tsula masa biyu. Ya karɓa bai ko motsa ba. Albashi ke nan, Malama ta ce a ranta, Allah ya shirya.

Malam Kalilu ya rataya jakar ɗansa a kafaɗa, igiyar ta yi masa gajarta, ya yi sallama ya fita neman abin hawa.

Ƙararrawar tara ta kaɗa suna fitowa. Yara suka ɓarko daga azuzuwa kamar an buɗe wa awaki ƙofa, masu gudu wajen mai ƙosai suka nemi ture Zayyanu, Malama ta kai hannu ta fizgo shi gefe. Sai da ta ji damshi da ɗumi a tafinta ta gane wane hannu ta kama, kuma babu hankici. 'Yan aji shida kuwa ba wanda ya tafi sayen komai, suna jere a bakin ƙofar aji, Zakiyya a gaba, suna jiran su ga ko da jaka za a ce ya fita. Ba ta saki hannun ba sai da suka ƙetare filin a gabansu.

A bakin randa ta sake shi. Ta ciro guntun sabulun da take ɓoyewa a jaka, ta wanke nata har wuyan hannu, sannan ta miƙa masa.

"Wanke. Har hammatar. Kuma sabulun na bar maka, kar ka maido mini."

Ya karɓa, ya tsaya yana juya shi.

"Malama, ofis ɗin fa? Tunda ba za shi dawo ba, wa za ni ba?"

Ta dube shi. Ta dubi sauran kwamishinonin da suka yi tsit suna saurare, mai Ƙofar Sakatariya da mai Kabu-kabu da mai hanci, ƙazamai duka.

"Ni kake tambaya? Kai anka ba, riƙe abinka." Ta yarfe ruwan hannunta. "Amma wallahi in na ji shi cikin ajina, sai na ninka maka albashi."

Ta juya za ta shiga aji, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta waiwayo ba.

"Kuma ka ji abin da ubanshi ya ce. Ƙarshen kake yankewa da wuri."